Lalle a Hannun Gwaggo

Mu na Allah ne, gare shi kuma Gwaggo ta koma ranar wata Laraba bayan la'asar, a kan gadon asibiti a Maradi, hannunta na dama yana cikin nawa. Yayar mahaifina ce, ita ce kuma ungozomar garinmu da rugagen da ke kewaye da shi, can wajen Sae Sabuwa. An yi sadakar arba'in shekaranjiya. Baƙi sun watse, an naɗe tabarmi, ni kuwa na kasa samun sukuni sai na rubuta wannan.

Ranar jana'iza gidan ya kasa ɗaukar mutane. Matan Fulani suka jere ƙoren nono a bakin zaure suka shigo da kuka. Kowace mace ta zo ta durƙusa gaban mahaifina sai ta nuna wani a cikin taron ta ce, “Wancan ita ta yanke masa cibi.” Wani magidanci da furfura ta fara fito masa a gemu ya tsaya a tsakar gida yana share ido da hularsa, ya ce shi ma a hannunta ya faɗo duniya. Duk wannan na zata za a yi. Abin da ban shirya masa ba shi ne fitowar aminiyarta daga ɗakin wanka. Tsohuwa ce da suka yi ƴanmatanci tare, ita Gwaggo ta bar wa wasiyyar ta wanke ta. Ta fito hannuwanta na ɗigar ruwa, ta dubi matan da ke zaune ta ce:

“Jama'a, wa ya sa wa matar nan lalle?”

Sai matar liman ta ce, “Allahu akbar, ta san tafiya ta zo, ta yi wa kanta ado.” Wata daga baya ta ce a'a, tsufa ne, in ya kama mutum sai ya yi abin da bai saba ba. Matar ɗan Gwaggo, wadda suke gida ɗaya, ta ja hijabi ta rufe fuska ta shige madafa. Ni na san dalilin, amma a ranar da na buɗe baki da kuka ne kawai zai fito.

Wanda bai san Gwaggo ba zai ce mene ne abin mamaki don tsohuwa ta sa lalle. To, ita da lalle ba su taɓa shiri ba. Tun da na yi wayo ban ga ja a tafin hannunta ba, ko da salla, ko da biki. Gaisuwarta ma daban ce. In mace mai ciki ta shigo ta ce ina kwana, Gwaggo za ta kama hannunta kamar mai amsa gaisuwa, sai ta juya shi ta buɗe tafin, ta matsa farce ta saki, sannan ta sa yatsa ta ja fatar ƙasan idonta ta leƙa. In ta tambayi jiki aka ce mata da sauƙi, sai ta ja tsaki.

“Ni ba bakinki nika tambaya ba. Ba ni hannunki.”

Ta ce tun da take ba ta taɓa jin mace a ƙasar nan ta amsa da wani abu ban da “da sauƙi” ba, ko da jini na bin ƙafarta. Kunya ce, da gudun kar a ce ta cika raki. Shi ya sa take duba inda jini ke nuna kansa: tafin hannu, farce, cikin ido. In wuraren nan suka yi fari, to babu zancen jiƙo ko rubutu, amalanke take sa a ɗaura wa jaki a nufi gidan likita. Don haka ta kafa dokarta: mai ciki in ta shiga watan tara, ba ita ba lalle.

A kan dokar nan suka yi rigimar da har yau ake labarinta. Matar ɗanta na da cikin fari, wata tara, ga babbar salla ta matso. Uwar yarinyar ta zo daga Gazawa da lallenta dakakke, ta kwaɓa shi a kwano, ta zaunar da ƴarta a inuwa za ta ɗaura mata. Gwaggo ta shigo daga gona, ta ɗauki kwanon ta je ta kife shi a garken awaki. Tabɗi! Matar nan ta tashi tana tafa hannu, ta ce ba a taɓa yi mata wulaƙanci irin wannan a gidan surukai ba, ta ɗauki jakarta ta hau kabu-kabu ko ruwa ba ta sha ba. Mahaifina ya je ya roƙi yayarsa ta aika a ba da haƙuri. Ta ce, “In ta haihu lahiya ni da kaina zan tahi in durƙusa mata.” Kwana goma sha biyu bayan haka yarinyar ta haihu da hantsi. Aka gyara ta, tana murmushi tana cewa da sauƙi. Gwaggo ta buɗe tafinta ta gan shi fari fat, ta ɗaga zanen ta ga abin da ke ƙasa. A kan amalanke ta riƙe mata mara da hannu biyu har gidan likita. Ta rayu. Gwaggo kuma ta cika alkawari, ta je Gazawa ta durƙusa, ta kai wa matar sabon kwano.

Ni a hannunta na tashi, ni ke riƙe mata akwatin aiki tun ina lakol, wato makarantar boko. Da na girma na yi karatun sajifam a Maradi, wato ungozomar asibiti, na fito da diflom. Daga nan fa aka shiga jira. Shekara huɗu ina aikin sa kai a gidan likitan da ke kusa da mu, farar riga a jikina amma sunana ba ya cikin ma'aikata. Sau biyu aka kira ni ganawar ɗaukar aiki, wadda muke ce wa antiretiyan. Sau biyu na faɗi. Ba rashin sani ba ne, wallahi. Da zarar na shiga na ga mutum uku a bayan tebur da biro a hannu, sai harshena ya yi nauyi, in fara zubo abin da na haddace daga littafi, in an katse ni kuma shi ke nan, na ɓace. Mijina ya yi haƙuri iya nasa. Da takardar kira ta uku ta zo daga wata ƙungiya da ke neman sajifam biyu don matanite, wato ɗakin haihuwa, a yankin Gidan Rumji, ya zaunar da ni ya ce ba faɗa yake ba, amma in wannan ma bai yiwu ba in rataye rigar in zauna da yara. Na ce na yarda. Saura mako uku.

Gwaggo ba ta iya faɗin antiretiyan ba, sai ta sa masa suna shari'a. “Yaushe ce shari'ar taki?” Da na gaya mata, ta ce daga gobe kullum bayan la'asar in zo gidanta. Ta kife turmi ta zauna a kai, ta ɗora faifai a cinya ya zama tebur, ta ce in fita zaure in yi sallama in shigo. Na shigo ina dariya. Ta ce in koma. Na shigo na zauna. Ta ce wa ya ce in zauna, in koma. Ranar farko sau bakwai na shiga ban amsa ko tambaya ɗaya ba.

Dokokinta ba su da yawa, amma ba ta ɗaga ƙafa. Kar in zauna sai an ce in zauna. Kar in ɓoye hannuwana a hijabi, don mai neman aikin hannu ba ya ɓoye hannu. In dubi wanda ya yi tambaya, ba ƙasa ba, ko da sa'an ubana ne. Kar in bar tambaya ba amsa. Ta ƙarshe kuma ita ta fi nanatawa: “Ko gobara ta tashi, ba ki tashi sai an sallame ki.”

Abin dariya, da faransanci take sa ni amsawa, alhali ba ta jin komai a ciki ban da gaisuwa. Ta yi tambaya da Hausa, in amsa da faransanci, ita kuma ta lumshe ido tana saurare. Can sai ta ɗaga hannu.

“Tsaya. Wanga ba ki san shi ba.”

“Gwaggo, ya aka yi kika sani? Ba ki ji abin da na ce ba.”

“Muryarki ta hau sama, kina gudu. Wanda kinka sani a hankali kike hwaɗinsa.”

Kuma gaskiyarta ne, ko sau ɗaya ba ta kuskure ba.

A mako na biyu muka yi faɗa, kuma laifina ne. Na kwana biyu ina haddar sunayen magunguna da adadinsu, kaina ya yi zafi, na zo ita kuma ta sake jefo mini tambayarta ta kullum: mace ta haihu, kin tambaye ta jiki ta ce da sauƙi, mi za ki yi? Na ce haba Gwaggo, wannan ba ɗakin ƙauye ba ne, likitoci ne za su zauna, takarda suke tambaya ba duban tafin hannu ba. Har na ƙara da cewa abin da aka koya mana a shekara uku ba a kan turmi ake gwada shi ba. Sai ta sauke faifan daga cinyarta ta ce, “To, malama, an sallame ki.” Na fita ina huci. Kwana biyu ban je ba. A na uku na shiga da kunya na durƙusa, ban ma fara magana ba ta ce, “Wa ya ce ki shigo? Koma ki yi sallama.” Da haka aka wuce wurin, ba ta sake tayar da maganar ba.

A ranar ne na ga lallen. Ba zane ba, dungulmi ne, tafi da yatsu da farce duk sun rine sun yi ja har sun koma baƙi-baƙi. Ga kwalli ta zizara a ido, ya yi kauri. Na kwashe da dariya na ce, “Gwaggo, wane tsoho ne ya yi sa'a? Yaushe za a kawo goro?” Ta ce hannunta ne ke tsagewa, aka ce lalle na magani. Na kama hannun ina yaba kyan rinin. Ni, mai diflom, na riƙe hannun nan na juya shi, abin da na gani kawai shi ne ya yi kyau.

Akwai sauran abubuwa, yanzu duk ina ganinsu a jere. Ta daina zama a kan turmi, ta koma tabarma tana jingina da bango. In ta yi doguwar tambaya sai ta tsaya a tsakiya ta ja numfashi. Tuwonta na rana ina tarar da shi a rufe. Na tambaye ta sau ɗaya, ina tattara takarduna, ko jikin ne. Ta ce, “Ɗan zazzaɓi ne, da sauƙi.” Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na ci gaba da lissafin abin da ya rage mini in haddace.

Ranar Litinin da safe, ranar shari'ar, na biya in yi mata sallama. Duk tafiyar da na taɓa yi, Gwaggo sai ta raka ni har bakin hanya. Ran nan a ƙofar ɗaki na same ta zaune, ta ce ƙafarta ce ta riƙe. Ta sa na juya ta duba rigata, ta ce in fito da hannuwana, ta tofa mini addu'a a tafi. “Tahi. Kar ki waiwayo, kar ki yi gudu in kina magana.” Matar ɗanta na tsaye a bayanta, ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, Gwaggo ta juya ta dube ta, sai ta yi shiru.

A Gidan Rumji mu goma sha ɗaya ne a kan benci a gaban buro, ofishin da ake ganawar, ana neman biyu. Mai gadi ya karɓe salularmu duka ya zuba a kwali. Ba mai yi wa wata magana. Duk wadda ta fito sai mu bi fuskarta da kallo, ɗaya ta fito tana kuka ta wuce ko salularta ba ta karɓa ba. Ni ce ta takwas.

Na yi sallama, na tsaya sai da aka ce in zauna. Mutum uku ne: likita, da wani na ƙungiyar, da wata babbar sajifam mai tabarau wadda ba ta ɗago kai ba. Likita ya yi tambaya biyu, na amsa a hankali, na ji muryata ba ta hau sama ba. Sai matar ta ajiye biro, ta bar faransanci ta koma Hausa. Ta ce, “Ni ce mai jego. Na haihu awa ɗaya da ta wuce. Tambaye ni jiki.”

Na ce, “Sannu, ya jikin?”

“Da sauƙi.”

Ban san lokacin da na miƙa hannu a kan tebur ba. “Ba ni hannunki.”

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta miƙo. Na juya tafin, na matsa farce, ina faɗin abin da nake nema, da yadda zan duba zanenta da mararta da bugun jininta. Ta ce, “To, in na sha lalle har farce fa?”

Na ce sai in duba cikin ido. Ta ce in na sa kwalli na kuma kawar da kai? Na ce sai in duba harshe da dasashi, in saurari numfashinta, in lura ko tana iya tashi tsaye. Na ce kuma mace in ta san aikin, ta rufe hannu ta rufe ido, to sai in tambayi kaina abin da take ɓoye mini.

A nan na tsaya cak. Na ga hannun Gwaggo a cikin nawa, ja har baƙi. Na ga kwallin, da bangon da take jingina, da tuwon da ke rufe. Inna lillahi, na faɗa a zuci, Gwaggo jini take zubarwa.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ƙofa na bayana, taku uku. Salulata na cikin kwali a waje. Na so in tashi, wallahi na so, har na dafa kujera. Amma ban tashi ba. Na zauna na amsa sauran tambayoyi uku, kusan kwata na awa, kuma ban taɓa amsa tambaya da kyau irin na lokacin ba, don tsoron mutanen nan ya fita daga raina gaba ɗaya. Sai da likita ya ce an gode, za a neme ni, sannan na miƙe.

A bakin buro na karɓi salulata na kira matar ɗan Gwaggo. Ban gaishe ta ba, na ce, “Tun yaushe?” Sai ta fashe da kuka. Ta ce tun kafin damina Gwaggo ke ganin jini, ita da ta daina al'ada tun kafin a haife mu. Da kanta take wanke tsummokaranta ta shanya a bayan rumbu. A makonnin nan abin ya ƙaru. Ranar da muka yi faɗa jiri ya kayar da ita a makewayi, washegari ta sa aka daka lalle, ta ce wa matar ɗanta ta ɗaura mata, ta kuma sa ta rantse ba za ta gaya mini ba sai na fito daga shari'a. Yarinyar da aka kifar wa kwano saboda ranta, ita aka sa ta kwaɓa wannan. Na ce su ɗaura amalanke yanzu-yanzu, mu haɗu a gidan likita. Daga can aka wuce da ita Maradi.

An sa mata jini leda biyu. Likitan da ya duba ta ya kira ni gefe ya ce ciwo ne a bakin mahaifa, ya daɗe, ya riga ya yi nisa. Na tambaye shi ko da an kawo ta da wuri da kwata na awa, ko da mako biyu. Ya ce kwata na awa ba zai canja komai ba. A kan mako biyun bai ce komai ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Ranar Talata da hantsi ta farfaɗo sosai har ta sha kunu. Ta dube ni ta ce, “Mi anka tambaye ki?”

Na ce, “Lalle.”

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, “A can kinka gane?”

“A can.”

“Kin tashi kahin a sallame ki?”

Na sunkuyar da kai na ce a'a.

“Madalla,” in ji ta. “Ɗiyata ke nan.”

Na ce Gwaggo, don Allah me ya sa? Ke da kika kai matan mutane gidan likita a kan amalanke, ke da kika hana kowa lalle? Ta ce ta ga irin wannan ciwo a jikin mata uku, ta san inda yake zuwa tun ran da ta fara ganinsa, ba ta ga amfanin a tayar da hankalin gida ba. Sannan ta juyo da tafinta sama a kan zanen gado ta ce, “Da kin ga hannun nan yadda shike, da kin tahi?”

Ban amsa ba. Na riƙe hannun ina kallo. A gindin kowane farce sabon farce ya ɗan turo, siriri, lallen bai taɓa shi ba, fari fat. Ran Litinin da safe ma yana nan, lokacin da ta riƙe tafina tana tofa mini addu'a.

Kwana tara bayan rasuwarta aka kira ni aka ce an ɗauke ni. Mijina ya yi hamdala, mahaifina ya yi kuka. Ni na je ɗakinta na zauna a ƙasa kusa da turmin. Na fara aiki farkon watan nan, akwatinta yana tare da ni a matanite, ko da yake ba abin da ke ciki da ake amfani da shi yanzu.

Don haka matar liman, da ke aminiyarta da kika ce kin murza kin murza bai fita ba, ga amsar tambayarku. Ba ado ta yi ba, ba kuma ruɗewar tsufa ba ce. Da hankalinta ta sa shi, ni ta rufe wa ido. Ya Allah, matar nan ta karɓi bayinka da yawa a ranarsu ta farko, ka karɓe ta da rahama, ka yafe mata, ka haskaka kabarinta, ka yafe mini abin da na riƙe a hannuna ban gani ba.

Tambayarta ta ƙarshe ce kawai ban amsa ba, ita da ta hana ni barin tambaya ba amsa. A'a, Gwaggo, da ban tafi ba. Kin kuma san haka tun ran da kika aika a daka lallen.